Fuskar Babana a Ƙarshen Fim Ɗinka

Zuwa ga Malam mai shirya fim ɗin dillalin shanun da ya ɓace a bakin Binuwai,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyali, ni ce Hajara, malamar makaranta a nan Garuwa, 'yar Baba Sale mahauci. Na rubuto a fili ne saboda abin da ke damuna ma a fili ya faru.

Na farko, ka iya aiki, wannan ba na ɓoyewa. Sau uku na kalli kaset ɗin. Wurin da jandarma ya shiga ofis neman takarda ya tarar shanu ne zaune a kan kujeru suna buga hatimi, na yi dariya har da hawaye, domin duk wanda ya taɓa bin layin ofis ya san shanun nan. Wurin da kogi ya koma baya yana dawo da takalman mutane kuwa, jikina ya yi sanyi. Ban taɓa ganin garinmu haka ba, kuma garinmu ne sak.

Na biyu, tsakiyar ta yi ja. Mutumin nan da ke kallon fanka tana juyawa, wallahi na tashi na ɗora tukunya na dawo yana nan.

Na uku shi ne kukana. Ka ƙi faɗin wanda ya ɓatar da dillalin. Ni na fahimta, har ma ya burge ni. Amma fuskar da ka rufe fim da ita ta babana ce, yana wasa wuƙa yana murmushi. Ranar da kuka zo kasuwa cewa kuka yi za ku ɗauki masu sana'a, shi kuwa ya gyara hula don murna. Mutanen kasuwa ba sa barin labari babu ƙarshe. Tunda ba ka ba su mai laifi ba, sun ɗauki tsohona. Da wasa aka fara, masu moto, wato 'yan acaɓa, suna tambayarsa ina ya kai dillali. Yanzu matan da suka yi shekaru suna sayen nama a wurinsa sai su wuce teburinsa suna kau da kai. Mutumin da ko ƙashi bai taɓa cusa wa kowa a awo ba, yau yana komowa gida da naman da bai sayar ba. Abin yana ƙona mini rai.

Ba na roƙonka ka taɓa fim ɗin, ko ɗigo kada ka canza. Roƙona ɗaya ne: ka zo kasuwa ranar Juma'a da hantsi, lokacin da ta cika, ka gaishe shi da sunansa, ka zauna a bencinsa, ka sayi nama daga hannunsa kowa yana gani.

Allah ya ƙara maka basira, ya tsare maka mutuncinka da na iyayenka.

Wassalam,
Hajara Sale, Garuwa.