Kafaɗa ta Huɗu

Pietrascura, Janairu

Ƙanena Tullio,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da matarka da yara, kuma sanyin Jamus bai kayar da kai ba.

Tullio, Mama ta rasu ranar Talata da safe, a kujerarta kusa da murhu. Ko kalma ɗaya ba ta bar mini ba.

Hanyar motar da aka yi mana bayan yaƙi, dutse ya zaftaro ya binne ta tun Disamba, bas ba ta ƙara hawowa ba. Magajin gari ya ce ba za a gyara hanya saboda tsofaffi tara ba. Saura tsohuwar hanyar alfadarai, wadda kakanninmu suke saukar da gawa ta kanta zuwa makabartar coci a kwari. Ka san al'adar: maza huɗu 'yan garin nan, a kafaɗa, ba baƙo, ba dabba. Uku suka rage mana, Egisto da Amilcare da Dino mai tari. Mun kwantar da Mama a ɗakin ajiye cuku, sanyi zai riƙe ta har ka iso.

Jirgin ƙasa ya daina tsayawa a tasharmu. Ka sauka a ta gaba, ka tako da ƙafa.

Yayarka,
Ersilia

Pietrascura, Fabrairu

Tullio,

Ina gaishe ka da iyalinka. Na ga wasiƙarka da uzurin masana'antarku na cewa ba za ka zo ba. Ba zan ɓoye maka ba, raina ya ɓaci ƙwarai.

Ƙanƙara ta fara narkewa, jira ya ƙare. Na sa takalmin Baba, na kama kusurwa ta huɗu. Egisto ya ce, "Mace a ƙarƙashin akwatin gawa? Ersilia, kanki ɗaya kuwa?" Na ce masa, "To ɗauki biyu mana, jarumi." Sai ya sunkuya ya kama tasa kusurwar.

Mun kai ta, tana kusa da kabarin Baba. Amma a gangaren gada Dino ya durƙusa yana tarin jini, yanzu yana kwance. Likita ya ce ba zai ga Ista ba.

Jiya Egisto ya zo ƙofata yana murza hularsa a hannu, ya kasa duban idona. Tambayata ya yi ko akwai wata macen a garin nan mai ƙarfin kafaɗa, saboda ranar ɗaukar Dino.

Ka gaida yara.

Yayarka,
Ersilia