Yana Ci, Yana Ramewa

Litinin, 3 ga Maris

Auta ya cinye kwano uku yau, har da ƙanzo. Na ji daɗi. Shekara da shekaru ina dafa wa ma'aikatan masana'anta abinci, ba wanda ya taɓa yaba hannuna kamar ɗan nan nawa. Abin da ban gane ba, ina abincin yake zuwa? Wandonsa sai da bel yake tsayawa.

Alhamis, 6 ga Maris

Na sayo masa maganin tsutsar ciki. Ya ce, "Umma, shekarata ashirin da biyu fa." Amma ya sha.

Talata, 11 ga Maris

Yayarsa ta ce in lura, da ya ajiye cokali sai banɗaki, ya saki famfo. Na ce tsafta ce, ba irinki ba da sai an bi ki da sabulu. Na dai kasa kunne. Amai yake yi. To girkina ne? Na canza mai, na canza tukunya, na rage yaji.

Laraba, 19 ga Maris

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Ciwon haƙori ya kai mu asibiti. Likitar ta duba bakinsa, ta duba bayan hannunsa, ta tambaye shi ko ta yi magana a gabana. Ya gyaɗa kai. Wai yawan amai ne ke cinye haƙoran, kuma shi yake sa yatsa da kansa. Wai cuta ce, tana iya kaiwa zuciya ta tsaya. Na ce mata a gidanmu ba a wasa da abinci. Har yanzu ban san me ya sa na faɗi haka ba.

Alhamis, 20 ga Maris

Na yi masa faɗa, tsoro ne ya fito min ta baki. Ya ce abin ya fara ne tun ranar da mai horar da su gudu ya ce masa ya yi nauyi. "Na bar gudun, Umma. Abin ne ya ƙi barina."

Asabar, 29 ga Maris

Likitan da aka tura mu wajensa ya ce kada in matsa masa ya ci, kada in hana shi, kada in yi gadin ƙofar banɗaki. To me ya rage wa uwa? Ni ludayi kaɗai na iya riƙewa.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Ya gama cin abincin rana, ya miƙe, ya koma ya zauna. "Umma, kar ki tashi tukuna. Ba ni labari, kowane iri." Na ɗauko na direban masana'anta da surukarsa. Auta na saurare, yana satar kallon ƙofar banɗaki. Kwanuka suka bushe a gabanmu, ni da ban taɓa barin maiƙo ya daskare a kwano ba. Bai shiga banɗaki ba.

Ba wai na yarda da maganar likitan nan ba ne. Labarin ne kawai ya yi tsawo.