Zomo a Ɗakin Wanki

Al-Suwaidi, Riyad
Ranar Asabar

Zuwa ga Anti Sailuba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, da fatan aikin asibiti bai gajiyar da ke ba. Kin san Umma ta karɓe wayata tun da ta kama ni ina karanta littafin soyayya ana jibi jarrabawa, shi ya sa kika ga takarda a ƙarƙashin kular dambun da Malam Idrisu direba ya kawo miki. Don Allah ki karanta ke kaɗai.

Anti, akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa da bakina ba. Ina da zomo. Yana cikin gidan nan, a ɗakin wanki, bayan injin. Kuma sato shi na yi.

Kin tuna hutun ƙaramar sallah da Abba ya kai mu bakin Bahar Maliya, ke kina duti ba ki samu zuwa ba? A can wani tsoho mai kwalekwale ya ce zai kai mu wani ɗan tsibiri da ba kowa a kansa sai zomaye. Na ɗauka maganar masu neman fasinja ce. Da muka sauka ban ga komai ba sai farin yashi da gajerun ciyayi masu ƙaya. Sai tsohon ya girgiza ledar busasshen burodi. Anti, kamar ƙasa ce ta buɗe. Suka dinga fitowa daga ramuka, jajaye, baƙaƙe, masu roɗi-roɗi, ba tsoro ko kaɗan. Wani ya ɗora ƙafafunsa na gaba a kan abayata yana kallon fuskata. Ni da ko a aji ba na iya ɗaga hannu, ranar na zauna a yashi ina ta yi musu hira. Na ji ko an manta da ni a wurin jirgi ya tafi, ba zan yi kuka ba.

Tsohon ya ce wai masunta ne suka bar kakanninsu a can, shi dai haka ya ji. Ya kuma ce, "Ku ciyar, ku shafa, amma ba a fita da ko ɗaya." Har da nuna mu da yatsa.

Akwai wani ƙarami mai yagaggen kunne, duk sanda ya matso sai manyan su ture shi. Kin san a littattafan da kike zo mini da su daga Kano, kullum akwai wanda kowa ya wulaƙanta, sai mace ɗaya ta gane darajarsa. Wallahi haka na ji. Na fitar da littafin da ke jakata na bar shi a gindin wani dutse, na sa zomon a gurbinsa. Har muka iso Riyad jakar tana kan cinyata, na lulluɓe ta da mayafi. Na sa masa suna Mu'azzam. Kada ki yi dariya.

Da farko a saman bene na ajiye shi, kusa da tankin ruwa, amma zafin garin nan ya kusa kashe shi. Sai na sauko da shi ɗakin wanki, tunda ba mai shiga sai Zouera mai aikinmu. Ita da kanta ta gan shi. Ta kalle ni ta ce, "Ɗiyata, mi kika ɗauko muna?" Amma tun ranar ita ke ajiye masa ganyen latas.

Abin da ya sa na rubuto shi ne ƙanena Amir. Tun da muka dawo ƙirjinsa yake riƙewa, in yana numfashi sai ki ji kamar usur. Shekaranjiya sai da aka kai shi asibiti. Umma ta ce turaren wutar Zouera ne, ta hana kunna shi a gidan.

Ke ma'aikaciyar jinya ce, Anti. Zomo ba ya tayar da asma, ko? Don Allah ki ce mini ba ya tayarwa.

Ki sa amsa a cikin kular in za ki maido ta. Na bar ki lafiya.

'Yarki,
Kamila

Gubaira, Riyad
Ranar Litinin

Kamila,

Wa alaikumus salam. Lafiya ƙalau nake, dambu ya yi daɗi, ki ce wa Ummanku na gode. Gaisuwa ta ƙare, mu koma kan Mu'azzam.

Na yi dariya, ba zan ɓoye miki ba. Na zaci saurayi ne, har na gyara zama, ashe ango ne mai dogon kunne. Amma dariyar ba ta kai ƙarshen takardar ba.

Ba zan ce miki ba ya tayarwa ba, domin yana tayarwa. Ki amsa mini tsakaninki da Allah. A tsibirin Amir ya taɓa su? Me ya same shi bayan nan? Sannan a ina Zouera take ninke kayan da aka wanke? Idan a ɗakin wankin ne, to ɗan yayata gashin zomo yake sakawa, a kan gashin zomo yake kwana.

Asma ba irin suman littafi ba ce da za a yayyafa wa jarumi ruwa ya farka yana kiran sunan masoyiya. Na ga yaran da aka kawo mana leɓensu ya koma shuɗi. Da zan ce ba don in tsorata ki nake faɗa ba, amma don in tsorata ki ne.

Ki samu kwali ki hudhuda shi, ki sa angon a ciki, ki ba Malam Idrisu ranar Laraba. Na ce masa kayan mata ne, kada ya buɗe. Akwai abokiyar aikina da mijinta yake kula da wata gona a bayan gari, za su riƙe shi. Sannan a sake wanke duk kayan Amir, a goge ɗakin tas.

Na ƙarshe, ki gaya wa Ummanki. Na san yayata, za ta yi faɗa har maƙwabta su ji, amma ba za ta cinye ki ba. Zouera tana ɗauke da laifin da ba nata ba, kuma kin san mai aiki a ƙasar nan ba ta da bakin musu da gidan da iƙamarta, takardar izinin zamanta, take hannunsu.

Allah ya ba Amir lafiya, ke kuma ya shirya mini ke.

Antinki,
Sailuba

Al-Suwaidi
Ranar Laraba

Anti,

Assalamu alaikum, da fatan kin tashi lafiya. Ga shi nan a kwalin. Ba ya son karas. In ya buga ƙafar baya tsoro yake ji, a ƙyale shi.

E, Amir ya rungumi ɗaya a tsibirin. A cikin jirgi idonsa ya kumbura yana ta atishawa, Abba ya ce iskar teku ce. Na gani, Anti. Na gani, ga jakar a cinyata, ban ce komai ba. Kuma e, a can ake ninke kaya.

Akwai abin da ban gaya miki ba tukuna. Biyu ne ma.

Fitsarin zomo yana da wari. Bayan Umma ta hana turare warin ya fara fitowa har korido, sai na shiga ɗakin Zouera na ɗebi turarenta, wanda ta zo da shi daga Maradi, na kunna a ɗakin wanki. Jiya Umma ta dawo daga ganin likita da Amir, tana buɗe ƙofa ta ji ƙamshin. Ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Ta ce, "Zouera, ɗana kike so ki kashe?"

Zouera ta ce, "Hajiya, wallahi ban kunna ba."

Umma ta ce, "To aljanu ne? Ko Kamila ce, wadda ko gas tsoron kunnawa take?"

Zouera ta sunkuyar da kai. Ina tsaye a bakin kicin riƙe da kofi. Na buɗe baki, Anti, na buɗe, ba abin da ya fito.

Na biyun ya fi muni. Ranar da Zouera ta ga zomon, na sa ta rantse. Na ɗauko Alƙur'anin ɗakina na ce ta dafa ta ce ba za ta faɗa wa kowa ba. Ta ƙi, na yi ta kuka, har ta je ta yi alwala ta dafa. A littafi haka ake yi, kuma a lokacin har daɗi na ji, wai muna da babban sirri ni da ita.

Ɗazu na same ta tana goge ɗakin wankin. Na ce ta faɗa kawai, na yafe mata rantsuwar. Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Ba da sunanki na rantse ba, ɗiyata, Littafin Allah na dafa. Ni ba ni faɗi. In akwai mai faɗi, ke ce."

Na ji Umma tana ce wa Abba ya buga wa Zouera bizar fita ta dindindin, a mayar da ita ƙasarsu. Ya ce ta yi haƙuri, ta ce za ta jure komai ban da ƙarya a kan ran ɗanta. Zouera fa 'ya'yanta suna wajen tsohuwarta a can, da aikin nan take riƙe su.

Anti, ke ki gaya wa Umma. Ke tana jin maganarki. Ni in na tsaya a gabanta harshena nauyi yake yi.

Ki shafa mini kansa. Na gode, Allah ya bar mini ke.

Kamila

Gubaira
Ranar Alhamis

Kamila,

Salam, da fatan kuna lafiya. Ango ya iso, ya ci gefen kwalin, ya ci wayar cajata, yanzu yana gona. Malam Idrisu ya ce kayan matan zamani akwai motsi.

Ba zan gaya wa Ummanku ba. Jiya na ɗauki waya har na nemo sunanta, na ajiye. In ni na faɗa, cewa za ta yi Zouera ce ta kawo mini kuka muka shirya labari, aka lallashe ki kika ɗauki laifin don kina tausayinta. Zomon ma ba ya gidan balle ta gani. Maganar nan daga wajen mutum ɗaya kawai za ta yarda da ita.

Na kira Zouera na yi mata bayani cewa rantsuwar da za ta cutar da mutum ana karya ta a yi kaffara. Ta ce ta ji, ta gode. Daga muryarta na san ba za ta karya ba.

Kin ce harshenki yana nauyi. Hannunki fa? Ni dai ban ga rubutu ya yi miki nauyi ba.

Kada ki ja lokaci. A waya Abbanku zai buga bizar nan, in kuma jirgi ya tashi da ita, dawo da ita ba wasa ba ne.

Ina yi miki addu'a.

Sailuba

Al-Suwaidi
Ranar Lahadi

Anti,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki. Amir ya samu sauƙi, alhamdu lillahi. Jiya da gudu ya hau bene, ba ko tari.

Sai dai ranar Alhamis Umma ta sa aka kai Zouera unguwar Manfuha, wajen wata 'yar garinsu, kafin a gama takardunta. Zomo ya fita Laraba, ita ta fita washegari. Kin ga abin da ya faru ko? Umma ta kalli Amir yana tsalle a falo, ta juyo ta ce mini, "Kin gani? Matar nan na barin gidan yaron ya warke." Ta rungume ni, wai don ni na sake wanke kayansa ba wanda ya sa ni. Har ta ce wa Abba ni ce mai hankalin gidan.

Yanzu ba wari, ba gashi, ba komai. Zouera ba za ta faɗa ba, ke ma kin ce ba za ki faɗa ba. In na yi shiru, shi ke nan, har abada. Ba zan yi miki ƙarya ba, Anti, na gwada zama a cikin shirun in ga ko zan iya. Na ci abinci, na yi kallo da Amir, har na yi dariya. Abin da ya tsorata ni shi ne na ga zan iya.

Abba ya ce gobe in ya dawo daga aiki zai buga bizar ya sayi tikiti.

Ki yi mini addu'a. Sai na ji daga gare ki.

Kamila

Al-Suwaidi
Safiyar Litinin

Ummata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina kuma neman gafararki kafin ki karanta.

Ba turare ne ya tayar wa Amir asma ba, gashin zomo ne. Ni na sato zomon daga tsibirin nan na ɓoye shi a ɗakin wanki, inda ake ninke kayansa. Ni na ɗebi turaren Zouera na kunna don in rufe warin. Ba ta yi miki ƙarya ba. Shirun da ta yi, ni na sa ta dafa Alƙur'ani. Amir ya warke ne don zomon ya bar gidan ranar Laraba. In kin ja injin wanki za ki ga inda ya ci robar bututun.

Ki yi mini duk hukuncin da kika ga dama. Amma don Allah ki kira Abba kafin ya buga bizar.

'Yarki mai laifi,
Kamila

Na yi niyyar in tura wannan ta ƙarƙashin ƙofarki in gudu makaranta. Har na durƙusa, sai na tuna za ki iya ƙin shiga ɗakin sai yamma. Ina jin motsinki a kicin yanzu. Zan kawo miki hannu da hannu, in tsaya a gabanki har ki gama karantawa.