Ranka Ya Daɗe, Ka Faɗa Da Bakinka Kafin Ruwan Shuka

Zuwa ga Mai Girma, wanda duk muka ɗauka shi zai tsaya takarar shugaban ƙasa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka da duk na tare da kai. Allah ya sa haka, amin.

Ranka ya daɗe, ka gafarce ni da ban rubuta sunanka ba. Ba raini ba ne. Sunanka ɗana na fari ya ci, kuma ka san a wajenmu mace ba ta faɗin sunan ɗan farinta. Tun ranar da aka raɗa masa bakina ya daina iya kiran sunan, ko a rediyo na ji an ambata sai na sunkuyar da kai.

Ni 'yar Tambuwal ce, aure ya kawo ni Kebbe. Maigidana manomi ne, da rani kuma yana kabu-kabu da babur zuwa Dogon Daji. Ban san siyasa ba. Abin da na sani littattafan soyayya, ina da buhu guda a ƙarƙashin gado, wasu har bangonsu ya cire. Na faɗi wannan ne don ka san irin wadda take maka magana, kuma don ina da nawa laifin a cikin abin da zan kawo maka. Na rubuto a fili saboda ban san wata hanyar da maganata za ta iso gare ka ba, ga shi lokaci ya ƙure mana.

Na farko, maganar gona.

Asalin su maigidana wani ƙauye ne gaba da Fakku, a bakin daji. Can gonarsu ta gado take. Damina uku ke nan da yayansa Sani ya tafi noma da safe bai dawo ba. Fartanyarsa aka tsinto da gorar ruwansa. Ba a kira kowa a waya don neman kuɗin fansa ba, ba a ga gawa ba, har yau matarsa ba ta san ko ta yi takaba ko ta ci gaba da jira ba. A waccan shekarar suka kwaso kaya suka dawo Kebbe. Kawu Ummaru, yayan surukata Inna, shi ya ba su masauki, ya kuma ara wa maigidana gona a bayan gari, inda ko ihu ka yi za a ji ka daga cikin gidaje. Da ita muke ci. Yadda ake yi a nan, wanda aka ara wa gona yakan kai wa mai ita damin gero da kaka, ba haya ba ce, shaida ce cewa ka san gonar ba taka ba ce. In ya karɓa, baɗi ma taka ce.

Na biyu, maganar suna.

Shekara biyu ana ta cewa kai ne. Hotonka yana kan babura da teburan masu shayi. Mutanenka sun zo Kebbe sun raba huluna, sun ce in ka hau za a share dajin nan kowa ya koma gonarsa. Kai kanka mun ji ka a rediyo da Hausarka mai daɗi, in aka tambaye ka takara sai ka yi dariya ka ce lokaci bai yi ba. Ba ka ce e ba, na yarda. Amma ba ka ce a'a ba, ranka ya daɗe, kuma kana ganin hotunan.

Maigidana ya ba ka zuciyarsa saboda Sani. Ni kuwa na ba ka tawa saboda a littafi haka ake yi: ana cikin wahala sai wani mutumin kirki ya fito, komai ya daidaita. Ina da ciki a lokacin. Ina daka ina hango ɗana ya girma, ana tambayarsa sunan wa ya ci, yana cewa sunan shugaban ƙasa. Na hango har an kai shi an nuna maka, ka ɗora masa hannu a ka.

Kowa ya san sunan Kawu Ummaru za a sa. Ba a faɗa ba don ba ya bukatar faɗa. Tun kwana uku da haihuwa ya aiko da ragon suna, fari mai baƙin wuya, aka ɗaure a tsakar gida. Ni na yi ta yi wa maigidana magiya ina ɗakin jego. Na ce Kawu yana da takwarori har uku a dangi, wannan ɗaya ba zai dame shi ba. Maigidana bai so ba da farko, daga baya ya yarda, kuma kunya ta hana shi zuwa ya sanar da Kawu tun da wuri. Ranar suna da safe, Kawu yana zaune a sahun gaba, maroƙi ya ɗaga murya ya faɗi sunanka. An gaya mini Kawu ya shafa fatiha tare da kowa, ya bar goronsa a kan tabarma, ya sa takalmi. Ragonsa aka yanka wa takwaranka. Ga shi kuma Kawu ba jam'iyyarka yake yi ba, kowa ya sani, sai abin ya zama kamar da gangan aka yi a gaban jama'a.

Da kaka ta yi, maigidana ya ɗaure dami biyu mafi kyau ya kai da kansa. Kafin la'asar an dawo da su a kan jaki, an ajiye mana a ƙofar zaure, daidai ƙarƙashin hotonka da maigidana ya manna. Saƙon da ya biyo su gajere ne: "Ku kai ma mai sunan, shi ba ku gona."

Ko a lokacin ban tsorata sosai ba. Na ce a raina ai saura kaɗan ka hau.

Na uku, yadda labarin ya iso mana.

Da rani muka ji cewa ba za ka tsaya ba. Ba muryarka muka ji ba. Wata takarda ce da Turanci da aka ce wani na kusa da kai ya sa a waya, mai karanta labarai ya fassara ta a taƙaice ya wuce zuwa labarin ƙwallo.

Ka so ka ga garin nan a ranar. Telan da ke kusa da mu ya ɓamɓare hotonka ya ce an sayar da su. Malamin makarantar firamare ya ce hankali ka yi, ka hango abin da ba mu hango ba. Inna cewa ta yi Alhamdulillahi, don ita duk zaɓen da ya yi zafi 'ya'yan talakawa ake fasa wa kai, gara a yi shi salin-alin. Wasu matan unguwarmu sun ce katin zaɓensu ya koma cikin kwalla ke nan, ba su ga wanda zai fitar da su rana ba. Wasu sun ce dama duk ɗaya kuke. Ni kaina, in faɗa maka gaskiya, abin da ya fara zuwa mini sauƙi ne, don maigidana ya daina bin jerin babura in an yi taro. Ban gama jin sauƙin ba na tuna damin nan biyu.

Maigidana ya shigo gida ya zauna a bakin rumbu, ya ƙi cin abinci. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba tun da na san shi. Sai na faɗi abin da na iya. Na ce masa kada ya damu, dabara ce. Na ce a duk littafin da na karanta, in gwarzon ya ɓace a tsakiya, ɓuya ya yi don maƙiya su saki jiki, a ƙarshe zai dawo. Don ya ci tuwo na faɗa, ranka ya daɗe. Ya kuwa ci. Washegari ya fita majalisarsu, suka tsokane shi, ya rantse da Allah a gaban mutane cewa ba zai cire hotonka daga ƙofar zaurensa ba, kuma ba zai yarda ka fasa ba, sai ya ji daga bakinka. Ya ce takarda kowa yana iya rubutawa.

Yanzu in na ce masa a cire hoton, sai ya mayar mini da maganata, ya ce ba ke kika ce zai dawo ba.

Na huɗu, inda muke yau.

Inna ta yi ta sintiri tsakanin gidan yayanta da namu har ta samo sassauci. Kawu bai ce a canja wa yaro suna ba, ya ce abin da aka raɗa an raɗa. Abu biyu ya nema: a cire hoton, maigidana kuma ya zo da dattawa biyu ya ba shi haƙuri. In an yi haka kafin ruwan shuka, gona tana nan. In ruwa ya sauka ba a yi ba, ya riga ya yi wa wani alkawarinta. Ban ga laifin Kawu ba. Mu muka kunyata shi.

Liman ya kira maigidana ya ce rantsuwa tana da kaffara, ya ciyar da miskinai goma ya huta. Na ce ni zan dafa, ko yau. Maigidana ya ce shi ba kaffarar ce ta gagare shi ba, bai ga dalilin karya rantsuwa a kan abin da yake gaskiya ba. Yana kwana da rediyo yana tashi da ita. Duk hirar da aka ce za a yi da wani babba sai ya ajiye abin da yake yi.

Shekaranjiya na ga ya sauko da sungumi daga rufin ɗaki ya kai maƙera. Jiya ya sussuke irin gero ya ƙulle a buhu, ya duba tayoyin babur. Ban tambaye shi inda za shi ba, don na sani. In gonar Kawu ta tafi, gona ɗaya ta rage masa a duniya, ita ce wadda aka tsinto fartanyar Sani a cikinta. Ya ce wa Inna wai sammako zai riƙa yi ya dawo kafin azahar. Sani ma haka ya ce.

Ina tsoro, ranka ya daɗe. Da, in na ga hadari ya haɗo daga gabas murna nake yi, in fito da robobi. Yanzu in iska ta kaɗa da ƙamshin ƙasa sai in leƙa in ga ko babur ɗinsa yana nan. Matar Sani tana zuwa taya ni tsinkar zogale, in na ɗaga kai na dube ta sai in yi maza in mayar da idona kan ganyen. Ni mai leƙa shafin ƙarshe ce tun kafin in fara littafi, don zuciyata ba ta jure fargaba. Wannan karon ba ni da inda zan leƙa. Buhun littattafan ma na tura shi can ƙuryar gado, na fi wata ban buɗe ba.

Takwaranka ya fara tsayawa da bango. Tun yana jariri unguwa ke kiransa Shugaba. Yanzu in na goyo shi zuwa rijiya sai mata su ce, "Maman Shugaba, ya fito ko ya fasa?" Ina yin dariya tare da su. Wannan ba komai ba ne, zan iya ɗauka har ya girma, in dai da ubansa zai girma.

Ga roƙona.

Ban ce ka dawo takara ba. Kai ka san abin da ka gani, wataƙila rashin lafiya ne, wataƙila wani abu ne da ba a faɗa wa irinmu. Ban roƙe ka kuɗi ba, ban roƙe ka gona ba, ban ce ka san da takwaranka ba. Kuma ban ɗora maka laifin sunan da ba kai ka ce a sa ba, wannan nawa ne, ni zan je in durƙusa gaban Kawu ranar da aka ba ni dama.

Abin da nake ƙorafi a kansa shi ne, da Hausa ka shigo gidajenmu, da Turanci ka fita, kuma ta bakin wani. Ka shiga rediyo, a shirin da ake yi kai tsaye, da muryarka da muka sani. Ka ce ba za ka tsaya ba, ba dabara ba ce, ba kuma wani shiri a ɓoye. Ka ce wa waɗanda suka ɓata da 'yan'uwansu saboda kai su je su shirya, ka yafe musu hotunan, su cire. Ba zai ci maka minti biyar ba. Na tabbata ba maigidana kaɗai ke zaune da rediyo a kunne ba, daga nan har Tambuwal akwai irinsa, kowa da abin da ya jingina da kai.

In ka yi niyya, don Allah kada ka bari sai ka dawo daga tafiya ko sai an gama shawara. An ce an yi yayyafi a wajen Dogon Daji. In ruwan ya iso mana yau, gobe da asuba ake shuka.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya sa abin da ka zaɓa ya zama alheri gare ka da ƙasa baki ɗaya. Allah ya tsare maka 'ya'yanka, ya sa duk wanda ya fita daga gidanka da safe ya dawo da ƙafarsa. Na saya wa rediyon sabon batir, tana nan a kunne a bakin rumbu.

Wassalam.

Ni ce,
Mahaifiyar takwaranka,
daga Kebbe.