Gidan Gaba a Motar Sidi

Belbeji, bayan kaka, 1964

Zuwa ga yayata Salamatu, a Damagaram.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina gajiya, ina maigida da yara? Mu nan lafiya lau, hatsi ya yi kyau bana, mun gode Allah.

Bayan haka, cikin Raliya ya tsufa. Kin san biyun farko ba su zo da rai ba, shi ya sa likitan Tanut ya ce wannan karon a asibitin Damagaram za ta haihu. Na yarda. Ki gyara mata ɗaki.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne motar Sidi. Kin tuna shi, ɗan gidan Tata mai fura, wanda ya yi ta zarya ƙofar gidansu Raliya kafin Allah ya ba ni ita. Yanzu shi ne direban babbar motar da ke zuwa ranar kasuwa. In ya danna odar mota daga bakin gari, mata har tuwo suke bari a wuta. Ya aiko wai ya ajiye wa Raliya gidan gaba, kusa da shi, wurin da ko sarkin kasuwa sai ya roƙa. Yaya, ke ma kin san ruwa ba ya tsami banza. Matan garin nan nawa suka yi ciki, wa ya taɓa ba gidan gaba?

Ina da raƙumi, kuma raƙumi bai taɓa kifewa da kowa ba. Bara motar ɗan kasuwar nan na Ollelewa ta kwanta a yashi, maƙwabcinmu Dado ya dawo da hannu ɗaya. Da raƙumi zan kawo ta, sannu ba ta hana zuwa. Wannan takarda ma Mato mai jakuna na ba, don ba na son hannun Sidi ya taɓa ta.

Ƙaninki,
Yahuza

Belbeji

Yaya Salamatu,

Ina gaishe ki da gida duka. Saƙonki ya iso da zafinsa, na kuwa sha faɗa. Kin ce kishi kumallon mata ne, amma ga shi ya kama ƙato mai gemu. Na ji.

Ba ke kaɗai ba ce. Inna ta ce kwana da kwanaki a doron raƙumi ba tafiyar mai tsohon ciki ba ce, ta tuna mini matar Attahir da naƙuda ta kama a daji, ba ruwa ba ungozoma, aka binne ta a gindin aduwa. Na ce to Raliya ta hau bisa buhuna tare da ni, yadda sauran mata ke yi. Inna ta dube ni kamar na zagi kabarin Baba. Raliya kuwa ta ci gaba da ɗaure kayanta. Wannan ya fi ci mini rai. Da ta ce ba ta son gidan gaban, da na yi barci.

Kuma ta wanke mayafinta mai ruwan bula, wanda ba ta yafawa sai da salla. Ta ce don za ta birni ne. Wataƙila. An dai ce tsohuwar zuma da ita ake magani, ni kuma ba yaro ba ne.

Ranar kasuwa mai zuwa za mu taso. Ita a gaba, ni a sama kan hatsi, daidai bisa kansu.

Naki,
Yahuza

Tanut

Yayata,

Sallama da gaisuwa. Yaya jikin Raliya, yaya ɗan baƙonmu? Allah ya saka miki da alheri, ya raya naki.

Kin ji labari daga bakin mutane, bari ki ji daga nawa. Mun taso da hantsi, mota ta ɗauki abin da ya fi ƙarfinta: buhuna har sama, mutane a kan buhuna, awaki a kan mutane. Duk wanda ke sama igiyar kaya yake riƙewa, ko yaron goye ya san wannan. Ni ma na riƙe, har muka wuce rijiyar Buzaye. Can na ji kamar dariya daga ƙasa. Na ce ƙarar inji ce. Na sake ji. Sai na saki igiya, na ja ciki bisa rufin gidan gaba, na zuro kai ta taga in gani.

Barci take yi, Yaya. Ta jingina da ƙofa, nesa da shi iyakar nisan da wurin ya bari. Shi kuma idonsa na kan hanya. Amma ya cire matashin da yake zama a kai ya sa mata a baya, yana zaune kan ƙarfe. Ni mijinta na tuna goro, na tuna wuƙata, ban tuna matashi ba. Ina cikin kallon matashin nan mota ta faɗa rami.

Na farka a ƙasa, ƙafar dama ta juya inda ba ta saba ba. Ba yadda za a ɗora ni kan kaya, sai a kwance a gidan gaba, kuma wurin ba ya ɗaukar mu biyu. Ba wanda ya ce mata ta sauka. Da kanta ta fito, mata suka ja ta sama da zane. Duk ramin da muka shiga daga nan zuwa Tanut na ji shi a ƙafata, na kuma san tana jin sa a cikinta. Kaina yana kan matashin nan.

Muna isa jini ya tsinke mata. Sidi ya goya ni zuwa ɗakin likita, ya sauke fasinjojinsa suna zagi, ya mayar da ita gaba ya kama hanyarku. Sauran kin fi ni sani. Likita ya ce rabin masu kwana a ɗakin nan daga kan mota suka faɗo, amma ni ne na farko da ya faɗo garin leƙe. Kowa ya yi dariya, ban da ni.

Sidi ne ya kawo mini albishir: namiji, ƙarami ƙwarai, amma yana shan nono, uwar kuma ta fara zama. Na yi kuka a gabansa. Ina masa godiya, kuma Allah ya sani ina jin haushin cewa ya riga ni ganin fuskar ɗana. Ya ce Raliya na gaida Inna, tana gaida maƙwabta. Na jira, bai ƙara komai ba.

Ba zan samu zuwa suna ba. Inna za ta ɗora rago a motarsa, wannan takarda ma shi na ba. Ki ce wa Raliya ta zaɓi sunan da take so. In ta yi arba'in, in kuma tana son dawowa, ta shiga gidan gaba, ni na ce. Na sa an ɗinka mata matashi, yana tare da ragon.

Sai dai Yaya, don Allah ki rako ta. Ki zauna a tsakiya.

Ƙaninki,
Yahuza