Abin da Aka Yi wa Kwale-kwalen Baba

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Allah Ya sa albarka a nemanka, Ya haɗa ka da mutanen kirki a inda kake. Mun ji labarin ƙaruwar da kuka samu, Allah Ya raya shi. Inna ta ce a faɗa wa sabon angon nata ita ba ta son miji marar haƙori, ya yi sauri ya girma. Gwiwarta tana nan tana taɓa ta, amma tana takawa. Tagwayena sun shiga makaranta, babansu kuma ya koma aikin gonar mutane tunda sana'ar ruwa ta ƙi.

Auta, ruwan da ka bari ba shi ne na yau ba. Kana tuna lokacin da Baba kan dawo da hantsi, kwale-kwale ya nutsa har baki saboda nauyin tarwaɗa da karfasa, mu yi ta fiɗa har hannu ya yi tsami? Yanzu mutum ya wuni yana jefa komar birgi, ya dawo da abin da ba zai rufe gindin kwando ba. Babban kifin nan giwan ruwa kuwa yarana a baki kawai suke jin sunansa. Murahun da nake bandar kifi sun zama makwancin kaji, ɗaya kaɗai nake hurawa. Da kifi ya ja baya sai mutane suka koma komar da idonta ko ɗan yatsa ba ya shiga, wasu ma gidan sauro suke ɗinkewa, su kutsa cikin ciyawar da kifi ke zuba ƙwai su kwashe har 'ya'yan da ba su kai farce ba. Baba ya yi faɗa har muryarsa ta dushe, yana cewa wanda ya cinye iri ba shi da bakin kukan yunwa baɗi.

Da ruwa ya fara cika, ma'aikatan ofishin kula da kamun kifi suka zo suka tara mu a rumfar bakin ruwa. Suka ce an rufe wajen ciyawar nan sai ruwa ya janye, an kuma hana koma mai ƙaramin ido, sannan suna son mutum ɗaya daga cikinmu ya riƙa sa ido. Kowa ya sunkuyar da kai. Can wani ya ambaci sunan Baba, wuri ya ɗauki tafi. Ni a lokacin na ɗauka girmamawa ce. Suka ba shi riga mai ruwan ɗorawa da usur, suka hau motarsu suka tafi. Ka san halin Baba, in aka ba shi amana ko ta allura ce sai ya riƙe ta da hannu biyu. Kullum da safe ya tuƙa ya zaga wajen, ya cire duk komar da ya tarar. Bai ƙona ta kowa ba, bai kai ƙarar kowa ba, sai dai ya rataye ta a turken bakin ruwa, mai ita ya zo ya ɗauka a gaban jama'a. Manyan jirage masu inji kuwa suna zuwa daga ƙetare da rana tsaka su share wurin tas. Baba ya hura musu usur, su ɗaga masa hannu su wuce, igiyar ruwansu ta kusa kifar da shi. Yara suka laƙaba masa suna Baba Usur. Mata suka daina kawo mini kifi, wasu har gaisuwar Inna suka daina amsawa.

Wata safiya komar da ya ciro ta Yaya Babba ce. Baba bai buƙaci a gaya masa ba, ƙullin da ya koya masa da hannunsa ne a jikinta. Inna ta roƙe shi ya shigo da ita gida a rufa asiri, ya ce in ya tsallake ta ɗansa, da wane ido zai kalli 'ya'yan wasu. Ya rataye ta inda yake rataye sauran. Yaya ya zo ya kwance abarsa ana yi masa shewa, ya wuce gida. Washegari ma ya zo ya durƙusa ya gaishe da Baba kamar kullum.

Ba a jima ba Baba ya jawo kwale-kwalen tudu don gyaran shekara. Ka san yadda yake yi: a kife shi a kan itace, a kankare gansakuka, a bar shi ya sha rana, a tone tsohon tsumma daga tsakanin katako a cusa sabo da ƙarfen kurfi da guduma, sannan a narka kwalta a tsohon gwangwani a bi layi a shafe. Bana bayansa ya hana shi dogon sunkuyo. Sai ga Yaya ya zo da kansa ya ce a bar masa dogon layin ƙasa shi zai yi. Auta, da ka ga fuskar Baba ranar. Na kai musu abinci na tarar da su kai da kai a kan katako, Baba ya ja ni gefe ya ce mini in gani, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Na koma gida ina yi wa Allah godiya.

Ranar da Baba ya mayar da kwale-kwalen ruwa, hantsi ne, bakin ruwa cike da masu sayen kifi. Ya yi nisa ya kai tsakiya, sai muka hango ya ajiye filafilin tuƙi yana kwarfar ruwa da yankakken galan. Yana kwarfa ruwa na ƙaruwa, har kwale-kwalen ya nutse ya bar bakinsa kaɗai a sama. Baba ya rungume shi, ya sa usur a baki yana hurawa. Jirage na nan jere a ɗaure, maza na zaune a kansu suna ɗinkin koma, babu wanda ya motsa. Wani ya ce ai sai ya kama ruwan ya rataye a turke. Wani ya ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Aka kwashe da dariya. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina kiran sunayensu, mutanen da suka girma suna cin abinci daga tukunyar Inna, kowa ya kau da kai. Direban motar da ke ɗaukar kifi, baƙo wanda ko iyo bai iya ba, shi ya kwance jirgin wani muka shiga ni da shi, muna tuƙi a karkace har muka kai. Da muka jawo Baba leɓunansa sun yi fari, hannunsa ya sandare a jikin katako sai da na ɓamɓare yatsun. Duk abin nan Yaya na zaune a bakin ruwa da allurar koma a hannu, bai ɗago kai ba.

Iska ta kora kwale-kwalen ya je ya maƙale a cikin ciyawar da aka hana shiga. Can ma'aikatan suka same shi da suka zo zagaye, kuma wanda ya jagorance su sabo ne, bai san Baba ba. Aka samu masu raɗa masa cewa na ɓarawon kifi ne. Baba ya taso da zazzaɓi, ya sa rigarsa mai ruwan ɗorawa ya zo ya yi bayani, mutumin ya ce doka ba ta san furfura ba, kuma in mai gadi ya yi sata hukuncinsa ya fi na kowa. Babu bakin da ya buɗe ya ce ƙarya ne sai nawa, ni kuwa aka ce 'yarsa ce. Kafin su sa gatari Baba ya roƙa a bar shi ya duba inda ya yoyo. Ya bi dogon layin ƙasa da yatsa, kwaltar ta ɓare kamar ɓawon ƙwai. Babu tsumma a ciki ko zare ɗaya. Laka ce aka cusa aka shafe samanta. Ya daɗe yana kallon lakar a yatsansa, sannan ya goge a rigarsa. Suka faskara kwale-kwalen, suka cinna masa wuta, suka ɗauki hoto, suka karɓe rigar da usur. Abin da wuta ta rage mata suka kwashe suka kai murhu.

Na sami Yaya a gidansa na tambaye shi. Wallahi bai musa ba. Ya ce shi ya san Baba ya iya ruwa, so yake kawai tsoho ya zauna a gida ya bar mutane su ci abinci, 'ya'yansa ba doka suke ci ba. Ya ce uban da ya rataye mutuncin ɗansa a turke shi ya fara. Na ce da ya mutu fa? Ya ce ai bai mutu ba. Da ma'aikatan suka nemi wanda zai maye gurbi, jama'a suka taru suka zaɓi Yaya. Yanzu shi ke yawo da rigar, kowa na shiga ciyawa yadda ya ga dama, shi ne ma a gaba.

Baba yana nan, tari ya sauka masa a ƙirji. Yana wuni a zaure ya juya wa ƙofa baya, ba ya son a ambaci ruwa a gabansa. Da ya ji zan rubuto maka, ya ce in faɗa maka kowa lafiya, gyaran bana kuma ya yi kyau. Na ce to. Amma ni ba zan iya ɓoye maka ba, naka sai naka. Kada ka ce za ka sa a haɗa masa wani kwale-kwalen, ba zai shiga ba. Abin da nake roƙonka shi ne ka zo da kanka ka tafi da shi da Inna wurinka, ko da sunan ganin jariri ne. Duk safiya Yaya na zuwa ya durƙusa ya gaishe shi da rigar nan a jikinsa, Baba kuma yana amsawa. Wannan amsawar ce take cinye shi, ba tarin ba.

Inna tana gaishe ku da kyau, tana sa muku albarka. Gwaggo da Kawu Tela da babansu tagwaye duk suna gaisuwa. Ka gaishe mini da maijego, ka shafa mini kan yara. Yaya Babba ma ya ce in gaishe ka. Saƙo amana ne, na isar.

Taka har kullum,
Yayarka, Uwar Tagwaye