Takardar da ta kwana shida a hulata

Uwar yara,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya jikin yayarki? Allah ya sa ƙafar ta fara takuwa. Ki gaishe ta, ko da yake ita ba ta taɓa aiko min da gaisuwa ba. Ni ƙalau nake, ban da gwiwa.

Kada ki yi mamakin kyan rubutun nan. Mai kemis ne ke rubutawa, ina zaune a bencinsa. Eh, shi ɗin dai. Na ce kada ya gyara ko kalma ɗaya, ko zaginsa na yi ya rubuta. Ban kira ki a waya ba don na san halinki, ba za ki bar ni in kai ƙarshe ba.

Kin san shekara bakwai ban taka shagon nan ba, tun ranar da ya hana ni allura sai da takardar likita, har ya ce min a gaban mutane wai jiki ba katako ba ne. Ni da na buga masa kantocin shagon da hannuna! Har gobe ina nan a kan cewa bai kyauta ba. Amma ba ita ta kawo ni ba.

Maganar 'yarmu Auta ce. Kina wurin lokacin da aka yi mata aiki aka ciro jaririn, kin ji likita da kunnenki, ya ce kada ta sake ɗaukar ciki sai bayan shekara biyu, don ɗinkin mahaifa ya yi ƙwari. Sati biyu da tafiyarki mijinta ya biyo da motarsa, ya kwana ɗaya ya wuce. Da hantsi ina fiƙe zarto ta zo ta durƙusa, ta miƙo min 'yar takarda a ninke, ta ce in taimaka in kai wa mai kemis, kuma a ranar take son maganin. Ko ɗaga ido ba ta yi ba. Yanzu na gane ni ta zaɓa don ta san ba na karatu, kuma kunya ba za ta bar ta ta tsaya gaban mutumin da ya san ta tun tana rarrafe ba.

Na cusa takardar a hula na fita. Na zo har bakin shagon, na hango shi yana dariya da wani, sai zuciya ta ciyo ni, na wuce. Da na koma gida na ce mata wai ya ce ya ƙare, sai an kawo. Ta tambaye ni washegari, ta sake tambaya a kwana na uku, har na daka mata tsawa. A raina cewa nake maganin ƙarin jini ne irin na masu jego, me zai ci mutum? Da na ba wani ya karanta min, da an wuce wurin. To ni ba na son a ga ina miƙa takarda.

Sai a kwana na shida, da na shiga kasuwa sayen ƙusa, na kai takardar wani shagon magani. Matar da ke wurin ta tambaye ni kwana nawa ke nan, ta ce maganin hana ɗaukar ciki ne na gaggawa, cikin kwana uku ake so a sha, in ya yi nisa biyar. Duk da haka na saya. Auta ta karɓa da hannu biyu, ta yi min godiya, ta ajiye a kan taga. Yana nan har yau.

Shekaranjiya asibiti suka tabbatar, ciki ne. Sun ce za a riƙa duba ta duk sati biyu, kada ta ɗauki ko bokiti. Wanki ni nake yi yanzu, ki yi dariyarki. Ba ta kuka a gabana, amma ina jin ta.

Abin da ya fi ci min rai shi ne ta ɗora laifin a kan mai kemis. Ta daina gaida matarsa. Jiya ta aiko masa da magana mai zafi, wai wane irin shago ne babu magani. Alhali kwali guda na maganin gare shi, ga shi can ina kallo. Bai tona ni ba, ya ce a ba ta haƙuri kawai. Shi ya sa na zo da ƙafata.

Ki dawo, ko da yayarki za ta yi fushi. Yarinyar nan uwa take bukata. Kuma kada ki riga ni gaya mata, da bakina zan faɗa. Ina dai so ki tsaya a bakin ƙofa lokacin, don na haifi bakwai ban taɓa ba ɗaya haƙuri ba, ban san ta inda ake farawa ba.

Allah ya kawo ki lafiya, ya sauke ta lafiya.

Ni ne mijinki,
Kafinta